Kotun Malama Firisila da Hular Auduga

Duk Asabar da hantsi, Malama Firisila Mwadkon takan sauka daga keke-napep a bakin layinmu na Dilimi a Jos, ta taso tun daga Kabong, da lema a hannu ɗaya da baƙar leda a ɗayan. Kowa ya san abin da ke cikin ledar: baƙin zane, da wata hula irin ta lauyoyi da ta ɗinka da audugar matashin kai. Tana shiga shagon ɗinkin Hassana sai a tura kekunan ɗinki gefe, a juya benci, shi ke nan kotu ta zauna.

Malamar yaƙi da jahilci ce. Tun da wuri ta lura cewa matan da ke cinikin tumatir da Turanci ba gargada, da sun taka ƙofar caji ofis sai bakinsu ya mutu. Sai ta koma koya musu kalmomin da ke sa a tsare mutum ko a sake shi: arrest, bail, witness, adjourn. Ba ta yarda da hadda ba. Kowace kalma sai an yi wasanta, an ga wanda ya tsaya da inda ya tsaya.

Ni leƙe kawai na je yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bala, fuskarka ta dace. Kai ne suspect." Shekara da shekaru ke nan ana tuhumata da satar akuya da buhun dankali, ban taɓa samun ƙarin girma ba. Amma a kaina matan Dilimi suka gane cewa wanda ake zargi ba ɓarawo ba ne sai alƙali ya faɗa.

Sai wasa ya zama gaske. Aka kama Rwang, makanikin da ke gyara mana injuna, bisa zargin satar babur a hanyar Vom. Ranar da aka ce ya yi satar kuwa, yana tsakar gidan Sumayya, ɗaya daga cikin ɗaliban ajin, tun safe har la'asar yana fama da injin markaɗenta. Ita kaɗai ce shaidarsa. Idan ta yi shiru, gidan yari zai tafi.

Sumayya ta tsorata, kuma ban ga laifinta ba. Dangi suna ce mata wanda ya shiga kotu ba ya fitowa lafiya, balle a kan wanda ba ɗan unguwa ba. Ta zo aji tana hawaye.

"Malama, in na buɗe baki lauyan nan zai juya ni."

"Zai gwada, 'yata," in ji Malama. "Bari in riga shi."

Ta yafa baƙin zane, ta kafa hular auduga, ta zama lauya mafi mugunta da Jos ta taɓa gani. Mako bayan mako tana daka wa Sumayya tsawa da Turanci, tana nuna ta da yatsa. Umarninta guda ne: "Ki amsa da Hausarki, akwai tafinta. Amma ki ji tambayar da kunnenki kafin ta iso gare ki."

Ranar shari'a duk ajin muka cika bencin baya. Lauyan masu ƙara ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, "I put it to you that you are lying." Na ga hankalin Sumayya ya kwanta. Wannan jimlar ta sha jin ta a shagon Hassana har ta gundure ta. Ta jira tafinta ya gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙarya nake ba. Har abincin rana a gidana ya ci." Ya bi ta nan, ya ɓullo ta can, ba ta gusa ba.

Da aka dawo ranar hukunci, alƙali ya ce, "Discharged and acquitted." Tafinta bai kai ga buɗe baki ba, bencin baya ya riga ya ɗauki guɗa, har sai da aka tsawata mana. Rwang ya juyo yana raba ido, shi kaɗai ne bai gane an wanke shi ba. Sumayya ce ta ɗaga masa hannu ta ce, "Oga, ka tafi gida." Ban ji kunyar kukan da na yi ba.

Malama, ke ce kika cire mana tsoron ɗakin da aka gina domin mu. Ke ce kika riƙa tsallako unguwanni a shekarun da mutane ke tsoron tsallakawa saboda rikici, ba wanda ya aike ki. Uwar masu ƙaramar murya, yau ciwon gwiwa ya ce ki huta da zuwa aji, mun kuwa yarda ba da son ranmu ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ƙara lafiya.

Ku da kuka iya Turancin kotu, akwai shago da benci a kowace unguwa, kada ku jira sai an kama maƙwabcinku. A namu layin dai kotu ba ta tashi ba. Asabar da ta wuce Rwang ne ya zo da wuri ya juya benci, Sumayya ta kafa hular auduga, ta dube ni ta ce, "Bala, koma wurinka."