Na Je Daura Gyara Layi Ɗaya

Daga gida zuwa Babban Mutum

Ranar Talata na tashi tun kafin kiran assalatu. Ƙarfe biyar da rabi ɗan acaba ya ɗauke ni daga ƙauyenmu zuwa tashar garin Babban Mutum. Matata Laraba ba ta rako ni ko bakin zaure ba, don shekara biyu ke nan gwiwoyinta sun ƙi. Daga kan tabarma ta ce in gaida Hajara, kuma kada in dawo sai na gyara ɓarnar da na yi.

Ga ɓarnar. 'Yarmu Hajara tana aure a Daura. Mijinta Sani dako yake yi a Kongolam, can bakin iyaka, har ranar da buhuna suka zubo masa a baya. Watansa bakwai a kwance. Hajara ta shiga aiki a gidan burodi, daga bakwai na safe zuwa la'asar. Ɗansu Musa bai cika shekara biyu ba, a bayanta yake yini, sai wata rana ta sauke shi ya dafa ƙarfen gashi ya ƙone. Mai gidan burodin ya ce ko ta nemo inda za ta bar shi, ko ta zauna gida.

A unguwarsu wata ƙungiyar mata ta buɗe gidan reno don iyaye masu aiki. Uwa ta biya kaɗan, ƙungiya ta cika sauran, amma sai an cike takarda. Hajara ta san ina ajin yaƙi da jahilci, ta aiko mini da ita ta hannun direba. Kwana uku ina cikewa bayan la'asar. A ciki akwai layin da ya ce, akwai wanda zai riƙe yaron idan uwa tana wurin aiki? Na fahimci tambayar sarai. Hannuna ne ya ƙi rubuta cewa jikana ba shi da kowa, alhali ina numfashi. Na rubuta: Akwai, kakanninsa. Da sunaye suka fito, babu na Musa.

Babban Mutum zuwa Daura

Mota ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga awaki uku a but. Direban ya tambaye ni ko zance zan je da wannan guga da na sha. Na ce masa makaranta za ni. Ya ce to Allah ya sa kada a tura ni yanko bulala.

Mun tsaya a Baure aka sauke awakin, na sayi ƙosai ban iya ci ba. Shinge biyu muka wuce kafin Zango. A na biyun jami'i ya leƙo, ya taɓa buhun da ke ƙarƙashin ƙafata, na ce gero ne zan kai wa 'yata, ya ɗaga mana hannu. Tara da kwata muka shiga Daura.

Gidan reno

Hajara ta roƙi awa ɗaya a wurin aiki, ta same ni a tasha da Musa a baya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi jikin Inna. Maganar takarda ba ta ɗaga ba. Muka taka ta wajen rijiyar Kusugu, muka shiga wani lungu.

Gida ne mai ɗaki uku da rumfa, a share tas. Yara na zaune a kan tabarmi, kowanne da kofin kunu. Wata mata na wanke wa ɗaya hannu, wata na jijjiga mai kuka a kafaɗa. Musa ya ga wata ƙwallon roba, ya fara zillo yana son sauka.

Shugabar wurin, Malama Rabi, ta ba ni kujera da ruwa, ta nemo takardar. Na ga rubutuna. Na ce mata ni na cike, kuma ban yi ƙarya ba, muna raye.

“Baba, Allah ya ƙara nisan kwana,” in ji ta. “Amma wa zai karɓe shi ƙarfe bakwai na safe?”

Ta ƙara da cewa ba ni ne na farko ba. Mata da yawa sukan ce akwai, don kada a ce danginsu sun yar da su, ƙungiya kuma waɗanda suka ce babu take fara ɗauka. Na tambaya ko za a karɓe shi idan na sayar da tunkiya na biya duka. Ta ce ba a nan matsalar take ba. Kowace mai reno da iyakar yaran da za ta iya sa wa ido, idan aka ƙara ko ɗaya, abin da ya same shi a gidan burodi zai iya samun wani a nan. Wuri ba zai buɗe ba sai manyan sun tafi firamare, nan da wata biyar.

Ta miƙo mini biro. Na ja layi a kan abin da na rubuta, na sa: Babu. Haruffa huɗu ne, na fi minti biyar a kansu. Ta sa sunansa cikin masu jira.

A ɗakin Sani na ci tuwon masara da miyar kuka. Ya so ya tashi ya gaishe ni, na hana shi. Hajara ta ce mai gidan burodi ya ba ta zuwa Asabar. Idan ta bar aikin, ba abinci, ba maganin Sani. Babu wanda ya furta abin da ya rage sai ni. Na ce gobe zan tafi da Musa, a yaye shi a wurin kakarsa. Sani ya juya fuskarsa bango. A zauren gidan na kwana.

Komawa

Laraba, ranar da ta yi sunan matata, shida da rabi muna tasha. Hajara ta ba ni ƙullin kayansa, da garin kunu, da zanen da take goya shi da shi. Ta koma bayan wata rumfa ta ba shi nono har ya yi barci, ta ɗora mini shi a cinya a hankali.

“Baba, ba ya son kunu da zafi,” ta ce.

Ta tafi da sauri, don bakwai ta kusa.

A Zango ya farka. Ya dubi fuskokin da ke motar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fara kuka. Ban san yadda ake riƙe yaro mai neman nono ba. Wata mata mai tallar daddawa da ke gefena ta ce in kawo shi, maza ba su iya komai ba sai kawo shawara. Ta lulluɓe shi da zanen uwarsa, ta yi ta bubbuga bayansa har Baure, inda ta sauka. Daga nan ni da shi ne. A shinge jami'i ya tambayi ina uwar yaron, na ce tana wurin aiki.

Sha ɗaya da rabi na yi sallama a gida. Matata ta miƙo hannu daga tabarma ta ce ga angonta ya iso, ko lefe bai kawo ba. Babu wanda ya yi dariya, har ita.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malama Rabi da ba ta kunyata ni gaban 'yata ba, da mai daddawa da ban tambayi sunanta ba.

Yau kwanansa tara. Ni ke bin sa a tsakar gida, tunda kakarsa ba ta iya tashi. Ya fara karɓar kunu. Ɗazu Hajara ta kira, na kara masa wayar a kunne. Ya saurara kaɗan, sannan ya ture ta, ya tafi ya hau cinyar kakarsa. Hajara tana ta kiransa a cikin wayar, ni kuma ina riƙe da ita.