Yadda na kashe siririyar muryata da kaina

A lokacin shekarata ashirin da tara, ina aikin loda alhazai a bas a tashar Kudai da ke ƙasa mai tsarki, kuma ina cikin masu yabon Annabi da ke taruwa a gidan wani dattijo a unguwar Zahir. Ba ganga, ba mandiri, baki ne kawai. Dattijon ya ba da baiti, jama'a su amsa da kauri, ni kuma in haye can sama da siririyar muryar da Allah Ya ba ni. Yakan ce in babu tawa, amshin tuwo ne ba miya.

A wata walima wani abokin aikina ya tambaya a gaban mutane ko mace muka ɓoye a bayan labule. Aka kwashe da dariya har da ni, amma maganar ta tsaya mini a rai, ni mai gemu da 'ya'ya biyu. Sai na ƙudura kaurara muryata ko ta halin ƙaƙa. In kurɓi shayi mai zafi in bi shi da ruwan ƙanƙara, a tasha kuma in yi ta kiran alhazai da maƙoshi har ya riƙa ƙuna. Dattijon ya lura, ya ja ni gefe ya ce in daina faɗa da halittata. Na amsa masa da to, na ci gaba da wautata. Bayan aikin Hajji na wayi gari kaurin bai zo ba, siririyar kuma ta tafi. Likita ya ce na ji wa maƙogwarona rauni, ya hana ni magana na tsawon makonni.

A haka na je wata walimar na zauna shiru. Ana cikin amshi, wannan abokin aikin nawa ya raɗa mini cewa yau yabon ba armashi, ai waccan muryar ta sama ce ke tayar masa da tsigar jiki. Ya ma manta ya taɓa tsokanata. Sai hawaye suka zubo mini.

Yanzu na koma wankin bas don in huta da ihu. Kullum da safe ruwan ɗumi da zuma, sannan in gwada hawa a hankali, kuma ba zan fasa ba sai muryar ta dawo in Allah Ya so. 'Yan'uwa, kada ku lalata baiwarku saboda dariyar minti ɗaya, mai dariyar mantawa yake yi. Juma'ar da ta wuce, a wurin yabo, na kai rabin inda na saba kaiwa. Sai dattijon ya matsa ya bar mini wurina na da.