Kwalin Malam a Kurmin Mashi

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano a motar haya, mu uku: ni da na karanci kimiyyar nukiliya, da wani likita, da wani masanin duwatsu. Kaduna muka nufa, wurin malaminmu da ya yi ritaya. Shi ya taɓa haɗa mu bincike ɗaya, na auna tururin nukiliya a rijiyoyin wani ƙauye da ke kusa da ramukan haƙar ma'adinai. Aikin watsewa ya yi. Ni na'urata kawai na yarda da ita, likita marasa lafiya yake son gani, mai duwatsu ya dage sai an tona ƙasa tukuna. Kowa ya raina aikin ɗan'uwansa.

Direba bai fasa mitar tsadar mai ba har Zariya. Nan muka sayi ƙosai, ƙanana sosai, kamar mai suyar tana tausayin wake.

Da hantsi muka sauka a tashar Kawo, 'yan kamasho na ta kiran Katsina da Gusau. Muka hau keke napep zuwa Kurmin Mashi. Zauren gidan Malam, inda a da muke wuni muna gardama, ya koma shagon cajin waya. Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Malam ya rame, idonsa ya yi rauni, da murya ya gane mu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, muka ci a kwano ɗaya kamar da.

Ya ce, "Har yanzu ba kwa jin yaren juna?"

Likita ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun fara koyo."

Malam ya ce, "Mutanen ƙauyen nan dai suna nan suna shan ruwan. Ba su jira ku ba."

Ya sa aka fito da kwalin takardun aikin, ya shafa shi, ya tura gabanmu.

Da magariba muka iso gida. Shekaru ina zaton ɗakin gwaji nake kewa, ashe mutanen da ke ce mini "ba haka ba ne" nake kewa. Ranar Asabar za mu zauna a ofishin likita mu buɗe kwalin. Na roƙa a bar ni in yi magana a ƙarshe.