Kibwana Shumeka da Takalman Juma'a

Ranar da na fita takaba, takalmina ya tsinke a ƙofar gida, a gaban jama'a. Na tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, na rasa ko in koma ciki ko in wuce. Kibwana shumeka, wanda ke aiki a gindin mangwaron ƙofar gidanmu a unguwar Tandika ta Dar es Salaam, ya taso da kansa, ya ajiye min kujerarsa, ya karɓi takalmin. Sannan ya miƙa hannu ya kashe rakodarsa. Ya ɗinke takalmin, ya ajiye min a gabana, ya ce, "Allah ya jiƙan mijinki Mzee Shomari, Inna." Ban san girman abin da ya yi min ba sai da maraice, da na ji matan gidan suna ta mamaki a tsakar gida, wai yau Kibwana ya kashe kaset a tsakiya.

Kibwana mutumin Kilwa ne, gajere, mai sanƙo, ya doshi hamsin. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ne ya kama shi, gambarar zamani, wadda samari ke kira rap. Ba kuma irin ta rediyo ba. Shi nasa mawaƙan su ne waɗanda ba kamfani a bayansu, masu ɗaukar waƙa a ɗan ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da katifa, su zuba kaset a jakar goyo su bi tashoshin daladala, bas-bas ɗin haya, suna talla da bakinsu. A cikinsu ma sai masu ba da labari: wanda zai ɗauko mutum tun daga ƙauyensu, ya kawo shi birni, ya nuna maka inda ya kwana da abin da ya ci da wanda ya cuce shi.

"Waƙar da za ka shigo a tsakiyarta ba ka rasa komai ba," in ji shi, "wannan ba waƙa ba ce, tallan sabulu ne."

Don haka ya kafa doka a gindin mangwaro. Kaset daga farko ake jin sa har ƙarshe, ba tsallake, ba komowa. Wanda ya kawo gyara kuwa, ko an gama ɗinki, ba ya ganin takalminsa sai labarin da ke tafe ya ƙare. Akwai kwali da yake shimfiɗa wa mutane su tsaya a kai.

"Kibwana, don girman Allah, kifina zai lalace!" Haka Bi Mwajabu mai soya kifi ke ihu.

"Yaya, yanzu fa yaron nan ya shiga ramin haƙar dutse, fitilarsa ta mutu. A nan za ki bar shi? Ke ba uwa ba ce?"

"Uwarsa ta fito da shi! Ba ni takalmina!"

"Gam bai bushe ba."

"Ɗinki ka yi, wane gam?"

Haka za ta tsaya tana zaginsa, har zagin ya yi sanyi, har a ji ta ce, "To ya fito ko bai fito ba?"

Ni kaina da farko istigifari nake yi idan sautin ya shigo ta tagata. Daga baya na lura ina jan carbi a hankali idan labari ya kai wani wuri.

Sai dai Kibwana na da aibi, kuma a kunnensa yake. Mutumin da ya tsaya ba takalmi bakinsa kan buɗe, shi kuwa Kibwana kansa a sunkuye, basilla na shiga tana fita, ba abin da ke wuce shi. Abin da ya tara yakan juye wa wani mai walda, Jabiri, wanda ke kiran kansa Hankakan Tandika idan ya riƙe makirufo. Kibwana ya yi imani cewa duk Dar es Salaam ba mai saƙa labari kamar Jabiri, kuma zunubi ne a bar irin wannan baki ba abin tauna.

Mangwaron kuwa na maigidanmu ne, Mzee Pazi, wanda muke haya a gidansa. Dattijo ne dogo mai sanda mai kan azurfa, kuma abin alfaharinsa a duniya ganin wata. Duk ƙarshen Sha'aban zai tsaya a mararraba bayan magariba, jama'a a bayansa, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga shi can!" Mutane su bi yatsar da ido, wasu su gani, wasu su ce sun gani.

Wata Asabar Jabiri ya kawo sabon kaset. Kibwana ya sa sabbin batir, ya goge rakoda da gefen rigarsa, gindin mangwaro ya cika. Waƙar ƙarshe a fuskar farko ita ce ta tayar da ƙura:

"Ya shiga da tsoho, ya fito da sabo,
Juma'a ta zo, kowa ya riƙe nasa.
Sanda mai azurfa, ƙofa mai shuɗi,
ƙafa ɗaya ce, takalma kasuwa guda."

Ba a ambaci suna ba, amma ƙofa mai shuɗi ɗaya ce a layinmu, kuma a gabanta ake zaune. Kaset ya yi ƙas, ya tsaya. Kibwana na cewa, "Ku dakata, akwai ɗaya fuskar!" amma ina, kowa ya watse da abin da ya samu, har waɗanda takalmansu ke hannunsa. Washegari a masallacin unguwa maza suka riƙa shiga da takalma a hammata, suna gaida Mzee Pazi da ladabin da ya wuce kima.

Litinin da hantsi Mzee Pazi ya fito. Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa.

"Kai, ɗan Kilwa! Ubana ne ya dasa bishiyar nan. Inuwa na ba ka, ka mayar da ni ɓarawon masallaci?"

"Mzee, ni ban iya waƙa ba, ɗinki na iya."

"Wa ya gaya wa hankakan? Bishiyar? Kafin Juma'a ka kwashe tsummokaranka. In na ƙara ganin ko ƙusarka ɗaya a nan, sai ka haɗiye ta."

Fuskar Kibwana ta canja. Duk wanda ke da takalmi a Tandika a gindin bishiyar nan ya san shi, a nan ya ciyar da iyalinsa, wani wurin kuma ba a samunsa don mutum ya so.

"Mzee, rabi ka ji. Wallahi rabi. Ka ji ɗaya fuskar, sannan ka kore ni."

Mzee Pazi ya tuɓe takalmin ƙafar dama ya wurga masa. Kibwana ya cafe, ya juya shi, ya duba ƙasansa kamar likita.

"Kai, diddigen ya ci. Ba zan bar ka ka taka wannan ba."

"Ba ni takalmina!"

"Yanzun nan, Mzee. Ga kwali."

Ya juya kaset. Jama'a kuwa kamar daga ƙasa suke tsirowa.

Muryar Jabiri ta fito a sanyaye. Ya ba da labarin dattijon da yanar ido ke rufe masa gani a hankali, bai gaya wa kowa ba, ko 'ya'yansa. Idan aka sallame ya fito ƙofar masallaci, takalman duniya duk su zame masa baƙin abu guda. Kunya ta hana shi tambaya, sai ya laluba da ƙafa, wanda ya shiga ya tafi da shi. A gida ya ji yana matsa masa, ya kwana yana neman gafara. Da safe ya kai wa shumeka, ya ce baƙo ne ya manta. Shumeka kuwa ya san ƙafar kowa, sai ya mayar wa mai shi a ɓoye, ya karɓo tsohon.

Bi Mwajabu ta share ido da bakin gyale. Kibwana ya washe baki, yana duban jama'a kamar shi ya rera, ya tabbata an wanke dattijo, shi ma ya tsira.

"Ka kashe ni," in ji Mzee Pazi.

"Mzee?"

"Da ka bar ni a ɓarawona! Ɓarawo ya tuba a yafe masa. Yanzu wa zai ƙara bin yatsana?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa mutane. Wani daga baya ya ce, "To Mzee, watan bara fa?"

"Na gan shi!"

"Da ƙafa ka laluba?"

Dariya ta ɓarke har masu shago suka leƙo. Mzee Pazi ya juya ya shige gida, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya buga ƙofa mai shuɗi.

Kibwana bai ƙara kunna rakoda ba a makon. Ya zuba kasakasansa a buhun shinkafa, ya ɗaure akwatin aiki da igiya, ya bi tituna yana neman inuwar da ba mai ita. Bai samu ba. Jabiri ya zo ba da haƙuri, ya ce zai janye kaset ɗin daga kasuwa, Kibwana ya kusa marinsa. "Ka janye? Abin da ka fi iyawa a rayuwarka? Ni ne na yi laifi, ba waƙar ba."

Alhamis da la'asar Mzee Pazi ya fito, ya tsaya a kan Kibwana yana kallon wani waje.

"Gobe Juma'a."

"Na sani, Mzee. Ga kaya a ɗaure."

"Gobe duk Tandika za ta tsaya a ƙofar masallaci ta ga yadda zan nemi takalmi. Ni ba akuyar kasuwa ba ce." Ya buga sanda a ƙasa. "Tare za mu tafi, kafin liman ya hau mumbari. In an sallame ka riga ni fita, ka ajiye min su a gabana kamar ba da gangan ba. Gobe, da wata Juma'ar, da ta bayanta, har ɗayanmu ya mutu."

"Kafin huɗuba, Mzee?" Kibwana mutum ne da bai taɓa samun fiye da raka'ar ƙarshe ba, kullum kaset bai ƙare ba.

"Ba huɗuba, ba bishiya. Kuma ka gaya wa hankakan nan, in na ji kashi na uku, da kai da shi teku za ku sha."

Kibwana ya kwance igiyar akwati tun dattijon bai juya ba. Da azumi ya matso a shekarar, Mzee Pazi bai je mararraba ba, ya ce hadari ya rufe sama, ko da yake ranar sama fes take.

Amma a wannan Juma'ar ta farko, da hantsi, Kibwana ya yi min sallama a bakin ɗaki. Ya sa kanzu, farar doguwar riga da ta yi masa tsawo, ga ƙamshin turaren aro.

"Inna Chausiku, alfarma nake nema. Ki zauna min a gindin mangwaro har mu dawo. Ba sai kin taɓa komai ba, wanda ya kawo gyara ki ba shi kwali ya jira." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ke ba kya magana, mutane za su saki baki a gabanki. In kin ji wani abu mai daɗi, don Allah ki ajiye min."