Ƙullin Majanyin Kaka Indo

Kaka Indo ba ta taɓa goya ni ba. Ba ni kaɗai ba, duk cikin jikokinta babu wanda ya san ɗumin bayanta. Za ta ɗora ka a cinya, ta dama maka fura, ta cire maka ƙaya, amma da uwarka ta miƙo majanyi ta ce a taya ta goyo, sai Kaka ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Na sha ce mata rowar baya gare ta, ita kuma ta ce in hawa nake so, ga jakin Baba can a ɗaure.

Ƙauyenmu yana kan tudu a bakin Gulbin Kaba, tsakanin Tasawa da Mayahi. Yawancin shekaru sunan gulbi kawai gare shi, don ba abin da ke ciki sai rairayi da goruba da kaba mai duhu. Lokacin ɗari, in an ci tuwo, mukan tara kara a ƙofar ɗakin Kaka mu hura wuta, mu binne gujiya a toka, ita kuma ta yi ta ba mu labarin kura da zomo. Wata rana Inna ba ta da lafiya, ƙanena yana ta tsala kuka, Kaka ta ƙi goya shi. Na ce mata a gaban kowa ba ta da tausayi. Ta tura kara cikin wutar da muka kewaye, sannan ta ce, “Ku matso. Wagga ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mini.”

Ta ce tana ’yar shekara goma, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba, abin tsoron kowa shi ne mahara. Sukan zo bisa dawakai su ƙone rumbuna, su kwashi mata da yara. Don haka garin ya yi shiri wanda ko yaron goye ya sani. Mahaifinta Nomau shi ke riƙe da gangar gari. In ya kafa kunne a ƙasa ya ji kofato, sai ya buga, maza su ɗauki baka su tsare shinge, mata da yara da tsofaffi su gangara gulbi su kwanta cikin kaba, inda doki ba ya shiga. Sau biyu wannan dabara ta fisshe su.

Ranar da abin ya faru da damina ne, da hantsi, sama tas, an kwana biyar ba ko yayyafi. Sai ƙasa ta fara rawa. Ruwan randa ya kama karkarwa, ƙore suka riƙa bugun juna. Nomau ya kafa kunne, ya ji rugugi daga kudu kamar na dawaki ɗari, ya buga ganga iya ƙarfinsa. Uwar Indo ta ɗora mata ƙanenta Tanko, wanda ko yaye shi ba a yi ba, ta ɗaure majanyi ta ƙulle har sau biyu, ta ce ta ruga, ita tana biye da surukarta makauniya.

A gangaren suka yi karo da wata Bafillata mai kawo musu nono, shanunta na haurowa da gudu. Tana ta ɗaga hannu tana cewa su koma, shanu sun ƙi gulbi, akwai abin da ke tafe ta ciki. Wa zai saurari mai tallar nono ganga na kira? Har wata ta ce ƙila ma bakinta ɗaya da maharan. Suka ture ta suka wuce.

Suka kwanta cikin kaba, kowace uwa ta toshe bakin ɗanta kamar yadda aka koya musu. Rugugin na matsowa, su kuma suna ƙara lafewa. Sai wata iska mai sanyi da warin laka ta buso. Kaka ta ce da ta ɗaga kai, abin da ta gani bai yi kama da ruwa ba. Ja ne, ya fi ɗaki tsawo, yana jujjuya kututtukan goruba da matattun jakuna da jinkar ɗakunan wani gari. Ashe can kudu aka kwana ana sheƙa ruwa, su ba su sani ba.

Kututture ya fasa kan matar da ke gefenta tun kafin ta miƙe. Wata mai tagwaye ta riƙe su hannu bibbiyu, ruwa ya juya ta, da ta sake ɓullowa hannunta ba kowa. Kaba ta yayyanka wa Indo fuska, ruwa ya maka ta da wata goruba har haƙoranta biyu suka zube. Ta rungume itacen, laka na shiga mata hanci.

“Ina jin yatsunshi cikin kitsona,” in ji Kaka. “Shina ja, shina ja, har na ji zahi na ce mashi ya bari. Sai ya bari. Sai na ji bayana sakayau.”

Maza suna tudu da kibau a ɗane, suna jiran dawakin da ba su zo ba. Da suka gane, sai dai suka tsaya a gaɓa suna kallon matansu da ’ya’yansu na wucewa. Da la’asar aka ɓamɓare Indo daga jikin gorubar, majanyin na nan a ƙirjinta, ƙullin bai ko motsa ba. Uwarta da makauniyar sai bayan kwana uku aka tono su cikin laka. Tanko ba a gan shi ba.

Mutane suka so a fasa gangar, wasu ma har da mai ita. Nomau ya ƙi fasawa. Da aka gama binne-binne, ya raba kiɗan biyu, na gangara gulbi daban, na hawa tudu daban, kuma aka yanke ba za a buga ko ɗaya ba sai wani ya hau gawo ya gani da ido. Ya bi garuruwan da ke sama da su a ƙafa, ya roƙe su in ruwa ya wuce su, su buga wa na gaba. Bafillatar nan kuwa, har gida ya je ya durƙusa mata.

Daren da ta ba mu labarin nan gujiyarmu ta ƙone a toka, ba wanda ya tono ta. Na so in ba Kaka haƙuri, kunya ta hana ni, kuma har yau abin yana cina.

Na girma na koyar a lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi shekara da shekaru. In na ji a rediyo ƙasa ta girgiza a wani wuri teku ya hau gari, mutanen gulbin nan nake tunawa. Ba sakaci ya kashe su ba. Sun yi shiri, sun bi shi daidai, amma na masifa guda ne, kuma sun ƙi jin wadda ta ga ta biyun. Shi ya sa kowace damina nakan fitar da ’yan ajina in sa su gudun hawa tudu, masu gine-gine cikin kwarin gulbin suna yi mini dariya.

Da Kaka ta rasu, ni aka sa in kwashe kayan lefenta. Can ƙasa na tarar da wani tsohon majanyi, laka ta rine shi ja, ƙulli biyu na nan yadda uwarta ta yi su. Ashe ba ta yarda an yanke shi ba, ta ƙafa aka zare mata. Na ɗaga shi na duba. Faɗin ƙirjin yarinya ne, da ɗan wurin da ya rage a baya.