Garin Bakin Kogi da Alhaji Ya Bari a Bango

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji Habu, mai sayar da atamfa a unguwar Barbès, cikin birnin Paris. Allah ya jiƙansa. A kayan da ya bari, wanda na fi riƙewa tsohon zanen hoto ne na mutanen Holand, baƙi da fari: gari a bakin kogi, da gada, da jiragen ruwa, da wasu mata ƙanana kamar tururuwa suna wanki.

A kasuwar tsoffin kaya ya samo shi. Da ya kawo, na ce, "Alhaji, duk launin da ke shagonka, wannan ka ga dama?" Ya yi dariya, ya zaunar da ni. Mahaifinsa mai zanen ƙwarya ne a Tahoua, shi ya sa ya san aikin hannu. Ya ce a kan jan ƙarfe aka sassaƙa shi, layi bayan layi, kafin a buga a takarda. Ya nuna mini ruwan. Ashe babu ruwa, layuka ne kawai, amma sai ka rantse yana tafiya. Inda rana ta haska kuwa, mai zanen bai taɓa wurin ba sam. Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Bobigny, gefen Paris, ina fama da rubuta harafi ɗaya, sai na ji girman mutumin nan da ban san sunansa ba.

Da yana raye yau, da ya ga jikokinsa suna ɗaukar zanen da waya suna buɗe shi da yatsa biyu, na san zai ce su ajiye, su matso da idonsu. Daga baya kuma ya karɓi wayar ya ƙi mayarwa.

Bana ƙafafuna suka gaji da hawan bene, ɗiyata Rakiya ta ce in koma wurinsu a Bron, kusa da Lyon. Murna na yi, sai dai abu ɗaya. Mijinta Musa, yaron kirki, ba ya rataya hoto mai mutane a gidansa. Ni kuma ba zan buɗe baki in roƙi surukina ba, akwai kunya. Na naɗe zanen a zanena na ɗaurawa, na rungume shi a jirgin ƙasa har Lyon, na jingine shi bayan ƙofar ɗakina, fuskarsa na kallon bango. Kullum bayan azahar nakan juyo shi in ɗan duba, in mayar.

Abin da Alhaji ya bar mini ke nan: na iya zama in dubi abu a hankali har ya nuna mini kansa. Ina jin tsoron wannan ma ya ƙare a bayan ƙofa.

Ran wata Asabar na ji sallama a bakin ɗakina. Musa ne, da guduma da ƙusa a hannu, kansa a sunkuye, Rakiya na bayansa. Bai dube ni ba, matarsa ya tambaya.

"Rakiya, tambayi Hajiya, a zaune take kallon zanen ko a tsaye?"

Na ce, "Gaya masa a zaune."

Ya durƙusa, ya auna daga bakin gadona.