Ruwan Hodar da Ban Tambaya Ba

Ina tsugune a bakin shagona a Isa, ina kankare tsatsar wani ƙyauren ƙarfe, ɗiyar ƙanwata ta iso. Da hantsi ne, ranar kasuwa. Ba ta saba zuwa shagon ba, don haka da na hango ta sai na zaci wani abu ya samu uwarta a Sabon Birni. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi aiki, tana murza gefen hijabinta.

"Kawu, sun sa ruwan hoda," ta ce.

Ba ta ambaci wasan ba, amma na gane. Na ajiye abin kankarar, na goge hannuna a jikin wando. A ranar ɗiyata tana da wata biyar da rasuwa.

Da sikila aka haife ta. Ta yi shekara goma sha bakwai a duniya, kuma kusan rabinsu a kwance ta yi su. Idan ciwon ya lafa ta tafi makaranta, idan ya tashi ta koma kan katifarta a ƙarƙashin rumfa. Ƙanena ne ya kawo mata waya daga Sakkwato don ta rage zaman shiru. A cikinta ta samu wani wasa na mutum-mutumin ƙarfe, manya, tsawonsu ya kai tankin ruwan gari. Kowane mai wasa yakan haɗa nasa da kansa, ya zaɓi ƙafafu da hannuwa da makamai, ya shafa masa fenti, sannan ya shiga fili a gwabza da na wasu mutane da ke ƙasashe masu nisa. Ita da ɗiyar ƙanwata ɓangare ɗaya suke shiga, ɗaya a Isa ɗaya a Sabon Birni, duk ranar da sabis ya yarda. Nata mutum-mutumin, Ƙato take ce masa.

Da farko ban so wasan ba. A yankinmu ƙarar bindiga ba abin nishaɗi ba ce. Ban hana ta ba, na dai gaya mata haka sau ɗaya, ita kuma daga ranar ta kashe sautin, ba ta sake kunna shi ba. A shiru ta riƙa yaƙinta.

Wata rana na dawo cin abincin rana ta miƙo mini wayar, ta ce tun da ni mai walda ne in duba mata abin da ya sa ake yawan kayar da Ƙato. Na duba. Ƙirjinsa ya yi nauyi, ta loda masa makamai a kafaɗa, ƙafafun kuma sirara. Na ce mata wannan daidai yake da a rataya babban get a kan ƙananan hinji, ƙarafan da ke riƙe ƙofa, ko ba a taɓa shi ba zai sunkuya. Ta canza masa ƙafafu masu kauri. Da la'asar ta aiko a gaya mini ta ci wasa uku a jere. Tun daga nan na zama injiniyanta. Idan aka kayar da ita takan ce laifina ne, na yi mata waldar ranar kasuwa, irin ta sauri. Ni kuma in ce direban ne bai iya ba.

Abu ɗaya ne ya hana ta jin daɗin wasan, shi ne fenti. Kalolin da aka bayar ba su da yawa: koren soja, ruwan toka, baƙi, ruwan ƙasa, da wani ja mai duhu. Ta ce duk wanda ta gwada sai Ƙato ya yi kama da motar itace da ta dawo daga daji. Ita ruwan hoda take so. Na ce ta haɗa ja da fari kamar yadda nake yi a gwangwani, ta yi dariya ta ce wasan bai san wannan dabarar ba.

Akwai wurin da masu wasan ke rubuta buƙatunsu ga waɗanda suka ƙirƙire shi. Ita da 'yar uwarta suka haɗa Turancinsu na makaranta suka rubuta. Mutanen da ba su san ta ba suka yi ta amsawa, tana karantawa tana mayar mini da Hausa. Wasu sun goyi bayanta, wasu sun yi mata ba'a. Wani ya rubuta cewa mutum-mutumi mai ruwan hoda tun daga nesa za a hango shi, shi za a fara harbi.

"To su hango ni mana, Baba," ta ce. "Ai ba ɓuya na zo yi ba."

Na ba ta shawara ta sa kore kafin nan. Sai ta mayar mini da maganata. Ta sha jin ina gaya wa masu ƙofa cewa idan kalar da suke so ba ta kasuwa, gara su jira, domin fenti a kan fenti ɓarewa yake yi. Ta ce ita ma za ta jira. Ta bar Ƙato da launin ƙarfe tsura, haka ya riƙa shiga fili fiye da shekara.

Da damina ciwon ya tashi na ƙarshe. Kwana uku muka yi a asibiti. Bayan an share makoki uwarta ta fitar da tufafinta aka rabar sadaka, kamar yadda ake yi. Wayar ce kawai na riƙe. Na sa ta a cikin akwatina, duk Juma'a in kai ta shago in yi mata caji don kada batirin ya mutu, in mayar. Ban taɓa buɗe wasan ba.

Ranar da ɗiyar ƙanwata ta kawo labarin, na rufe shago na je gida na ɗauko wayar. Sabis ba shi da ƙarfi a unguwarmu, sai muka taka zuwa wajen tasha, muka zauna a inuwar wata bishiyar dogonyaro. Ta ce sai an sabunta wasan kafin sabuwar kalar ta fito. Ya ɗauki lokaci. Motocin Sakkwato biyu suka cika suka tashi muna zaune. Da ya gama sai ga Ƙato a tsaye a garejinsa, da ƙafafun nan masu kauri da na zaɓa masa, jikinsa ba fenti.

Ta danna wurin kaloli, ta miƙo mini. Ruwan hoda uku ne a jere. Na farko mai haske, kamar cikin gwaiba. Na biyu mai ƙarfi, irin na alawar yara. Na uku ya ja zuwa duhu, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa.

"Wanne za mu sa, Kawu?"

Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a. Idan mutum ya ce mini shuɗi yake so, ba na karɓar maganarsa haka nan, domin shuɗin da ke kansa daban, wanda ke kaina daban. Nakan ce ya kawo mini abin gani, ko ƙyalle ne, ko murfin kwalba. Ban taɓa buɗe gwangwani ba sai na ga samfur. Amma ɗiyata ta yi shekara guda tana ce mini ruwan hoda, ban taɓa tambayar ta wanne ba. Gaskiyar ita ce ban yi tsammanin za su saka ba. Na ɗauki abin a matsayin zancen da ke sa ta dariya, ni ma in yi dariya in koma shago.

Muka nemo saƙon da suka rubuta tun farko, ko ta yi bayani a ciki. Layi biyu ne. Ta gaishe su, ta roƙi a ƙara ruwan hoda, ta yi godiya. Ɗiyar ƙanwata ta ce a ganinta na biyun ne, tun da marigayiyar ta ce tana son a hango ta, amma ba za ta rantse ba. Ta kuma gaya mini ba abin damuwa ba ne, a wasan ana iya canza fenti sau nawa aka ga dama. Na ce mata na sani. Na rasa yadda za ni yi mata bayanin sauran, sai na raka ta mota.

A gida na nuna wa matata, uwar marigayiyar. Ta daɗe tana kallo, ta ce mai hasken ne, domin akwai wani hijabi irin wannan kalar da marigayiyar ta fi so, shi take sawa duk ranar da ta ji ƙarfin fita. Na tuna hijabin, amma da na rufe ido in ga kalarsa sai fuskarta kawai nake gani. Na tambayi inda yake. Ta ce yana cikin kayan da aka kai wa wasu dangin nesa a Tsamaye.

"Malam, kowanne ka sa ba za ta yi fushi ba," ta ce, ta mayar mini da wayar.

Ba a bin sadaka a dawo da ita, kuma ba wannan ne nufina ba. Gani kawai nake so in yi. Bayan mako biyu na samu aikin kafa ƙofa a wajen Tsamaye, da na gama na biya gidan a kan na zo gaisuwa. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Muna maganar gero da maigidan, wata yarinya ta shigo da tulu a kai, sanye da hijabin. Na gane shi da ɗinkin da matata ta yi a gefen wuya. Wanki da rana sun cinye kalar, ya kusa komawa fari. Yarinyar ta gaishe ni ta wuce ciki. Ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Na sha ruwan, na yi sallama.

Yanzu duk Juma'a, idan na sa wayar a caji, nakan buɗe wasan. Ban iya yaƙin ba, ban kuma gwada ba. Nakan shiga garejin in danna wurin kaloli, in dubi ukun nan, wani lokaci in kai wayar bakin ƙofa in gan su a hasken rana kamar yadda nake yi da samfurin masu aiki. Akwai ranar da nake ganin na farko ne, akwai ranar da nake ganin na biyu. Sai wani ya yi sallama da ƙyauren da za a gyara, in kashe wayar in tashi.

Ƙato yana nan tsaye da launin ƙarfe. Har yau ban shafa masa fenti ba.